Darasi na 21: Rariyar wurin wankanmu tana yoyo

I. MU KARANTA

1. Gindin bango ya jiƙe

Gidanmu yana cikin garin Damagaram. Gida ne na ƙasa, irin na iyaye da kakanni. A kusurwar gidan akwai wurin wanka mai daɓen siminti. A gefe ɗaya na daɓen akwai rariya. Idan mutum ya yi wanka, ruwa yana shiga rariya, ya bi tiyo ta ƙarƙashin bango, ya faɗa cikin kwatami a ɗan filin da ke bayan ɗakuna.

Ɗakin Kaka yana manne da wurin wanka. Bango ɗaya ne ya raba su.

Wata safiya cikin watan Afirilu, Kaka ta ce in miƙo mata tabarmarta da ke jingine a bango. Na ɗauka, sai na ji ta da sanyi. Na duba wurin. Gindin bango ya yi duhu kamar an zuba masa ruwa. Wani farin abu kamar kanwa ya fito a samansa. Na taɓa da yatsa, sai ƙasa ta ɓantaro.

— Kaka, ruwa kika zubar a nan?

— Ni? A garin nan da muke sayen ruwa wurin ƴan garuwa, wa zai shayar da bango? Maza kira babanka.

Baba ya zo ya duba, ya ce:

— Abin kaɗan ne. Zafin rana zai busar da shi.

Inna tana bakin ƙofa. Ta ce:

— Malam, wata shida ke nan ba a yi ruwan sama ba, amma bango yana jiƙe. Ruwa ba ya tsami banza. Ga damina ta kusa. In ta tarar da gindin bangon nan a ruɓe, a kan wa zai faɗi? A nan fa tsohuwa take kwana.

Baba ya yi shiru. Dukanmu mun tuna da daminar shekarar 2024. A waccan shekara ruwa ya rushe gidajen ƙasa masu yawa a Nijar. Har tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni, a nan Damagaram, ya faɗi cikin watan Satumba.

Baba ya dube ni ya ce:

— Tafi ka kira kawunka.

2. Ina ruwa yake ɓacewa?

Kawu ƙanen Inna ne, kuma magini ne. Ranar Lahadi da sassafe ya iso da buhun kayan aikinsa. Bai fara fasa kome ba. Ya zagaya bango, ya duba ciki, ya duba waje. Sa'an nan ya tambayi Inna:

— Yaya, akwai tiyon pampo cikin wannan bango?

— Babu. Da bokiti muke wanka.

— To, ruwan wanka ne yake ɓata hanya. Bari mu gano inda yake bi. Wanda ya fasa daɓe bai san inda yoyo yake ba, ya yi aiki biyu.

Kawu ya naɗe tsumma cikin leda, ya toshe bakin tiyo da kyau. Inna ta kawo ruwan wanki da ta ajiye. Aka zuba a kan daɓe har ya kai tsawon yatsa. Kawu ya ba ni alli ya ce in ja layi daidai inda ruwa ya tsaya. Muka zauna muka sha koko. Bayan rabin awa muka koma. Ruwa ya sauka ƙasa da layi.

— Ɗana, ina ruwan ya tafi?

— Ko rana ta shanye shi, Kawu?

— A cikin inuwa? Cikin rabin awa? A'a. Sunkuya ka duba bakin tiyo.

Na sunkuya. Sai na ga wata tsaga siririya kamar zare ta kewaye bakin tiyo, inda roba ta haɗu da siminti. Ta nan ruwa yake sulalewa.

— Mun sami ɓarawo na farko, in ji Kawu. Bari mu gani ko yana da aboki.

Ya cire tsumma, ya bari ruwa ya tsiyaye. Ya ba Yaya bokiti wanda babu kome a ciki, ya ce ta tara a inda tiyo yake zuba cikin kwatami. Shi kuma ya cika bokiti mai cin lita 10, ya zuba kai tsaye cikin bakin tiyo. Ruwa ya riƙa fita a hankali, kamar ba ya so. Da ya gama ɗiga, muka auna. Lita 7 kaɗai Yaya ta tara.

— Lita nawa suka ɓace a hanya?

— Lita 3, in ji Yaya.

— Madalla. Fitar ruwa a hankali tana nuna tiyo ya toshe. Ɓacewar lita 3 kuma tana nuna tiyo ya fashe. Kowane bokiti na wanka, bangon Kaka yana shan rabonsa.

Kawu da Baba suka tone ƙasa a bayan bango, a hankali, har tiyo ya fito. Daidai ƙarƙashin bango an haɗa guntayen tiyo biyu. Mahaɗar ta saki, kuma gefe ɗaya ya tsage. Kawu ya zura waya a ciki ya jawo. Sai ga dunƙulen gashi, da guntayen soso, da yashi, da leda. Wari ya tashi, Auta ya toshe hanci ya ruga.

— Kun gani? in ji Kawu. Shara ta tare hanya, ruwa ya tsaya cikin tiyo. Ruwan da ya tsaya kuwa sai ya nemi wata ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

3. Ranar gyara

Baba ya tafi kasuwa ya sayo sabon tiyon roba, da gam ɗin tiyo, da siminti kaɗan, da marfin rariya mai huda-huda. Ni da Yaya muka ɗebo yashi mai tsabta, muka tankaɗe shi.

Kawu ya ce tsohon kwatami ya yi kusa da bango ƙwarai. Aka gina sabo a nesa. Aka zuba manyan duwatsu a ƙasansa, aka bi da tsakuwa a sama. Tsohon kuma aka cike shi da ƙasa.

Daga rariya zuwa sabon kwatami mita 3 ne. Kawu ya ce mini:

— Ruwa ba ya hawan tudu. Dole tiyo ya gangara. A kowace mita, sai ya sauka da santimita 2. To, ɗan lakwal, a mita 3 fa?

Na lissafa da yatsu.

— Santimita 6, Kawu!

— Ashe ba a banza kake cin tuwon yayata ba.

Da guduma da ƙarfe mai kaifi, Kawu ya fasa siminti kewaye da bakin rariya, ya cire tsohon tiyo. Ya shimfiɗa yashi cikin ramin, ya kwantar da sabon tiyo a kai. A ƙarƙashin bango tiyo guda ne ya wuce, babu mahaɗa. Inda ya zama dole a haɗa, ya goge bakin tiyo biyu, ya shafa gam, ya tura ɗaya cikin ɗaya nan da nan, ya riƙe su ɗan lokaci. Ya ce mu ja da baya, don warin gam ba shi da kyau ga ƙirji, kuma ba a kai shi kusa da wuta.

Sa'an nan ya koma ga daɓe. Ya faɗaɗa tsagar, ya share ƙura da tsintsiya, ya yayyafa ruwa a wurin.

— Tsohon siminti in ya bushe, ƙishirwa gare shi, in ji Kawu. Idan ba a ba shi ruwa ba, sai ya tsotse na sabon kwaɓi, su kasa kama juna.

Ya auna siminti gwangwani 1, yashi gwangwani 3. Ya cuɗa su a bushe har launinsu ya zama ɗaya. Ya yi rami a tsakiya, ya riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan yana juyawa da cokalin gini. Kwaɓin ya yi kamar tuwo mai laushi.

— In ya yi ruwa-ruwa kamar kunu, ba zai yi ƙarfi ba. Kuma kada ka kwaɓa da yawa. Abin da za ka iya aiki da shi yanzu, shi za ka kwaɓa.

Na miƙa hannu zan taɓa, sai ya riƙe ni.

— Kul! Ɗanyen siminti yana cin fata. In ya taɓa ka, wanke da ruwa nan take. In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa, a tafi asibiti.

Kawu ya cusa kwaɓi kewaye da bakin tiyo, ya danna shi sosai don kada a bar kafa. Ya dasa marfi mai huda-huda a sama. Ya shafe daɓe ya gangaro da shi wajen rariya. Da wurin ya fara tauri, ya rufe shi da jiƙaƙƙen buhu.

— Yaya, kwana uku kada kowa ya taka nan. Safe da yamma a yayyafa wa buhun ruwa, har kwana bakwai.

Yayata ta yi mamaki ta ce:

— Kawu, muna so ya bushe, kuma mu riƙa zuba masa ruwa?

— Ƴata, siminti ba tubali ba ne. Tubali rana ce take ba shi ƙarfi. Siminti kuwa ruwa ne yake ba shi ƙarfi. In ya bushe da wuri, sai ya tsage, mu koma gidan jiya.

Baba ya kafa zana a wani gefe na gida, muka riƙa wanka a can. Kaka kuma ta koma kwana ɗakin Inna.

4. Lita goma ta shiga, lita goma ta fita

Bayan mako guda Kawu ya dawo. Muka sake gwajin nan biyu. Aka toshe rariya, aka zuba ruwa, na ja layi da alli. Bayan rabin awa ruwa yana nan a kan layi. Aka zuba lita 10 cikin tiyo. Ruwa ya fita da gudu, bokitin Yaya ya cika. Kawu ya rufe kwatami da marfi mai nauyi, don kada yaro ko ɗan akuya ya faɗa, kuma don kada sauro ya shiga.

Bango kuma aka bar shi ya sha iska har ya bushe. Kawu ya kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa, ya cike wurin da sabon kwaɓin ƙasa mai ciyawa. Ya yi ɗan dakali a gindin bango daga waje, don ruwan sama ya gangara ya yi nesa.

Cikin watan Yuni aka yi ruwan farko, da iska mai ƙarfi. Da gari ya waye na ruga ɗakin Kaka, na taɓa gindin bango. A bushe yake ƙayau. Baba ya dubi Inna ya ce:

— Kin yi gaskiya. Da mun jira, da ɗaki za mu gina, ba rariya za mu gyara ba.

Tun daga ranar an ba ni aikina. Kowace Juma'a ina kwashe gashi da soso daga marfin rariya, in zuba cikin shara, in wanke hannuwana da sabulu.

II. MU GANE

Yaya ruwa yake cin bangon ƙasa?

Cikin ƙasar gini akwai ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Idan gindin bango yana cikin laima, ruwa yana bin kafofin nan ya hau sama, kamar yadda kananzir yake hawa lagwanin fitila. Ƙasar da ta jiƙe tana yin laushi, ba ta iya ɗaukar nauyin bango da rufi. Ruwan yana tafe da gishirin da ke cikin ƙasa. Idan ya bushe, sai ya bar gishirin a jikin bango. Shi ne farin abin nan mai kama da kanwa. Shi ma yana sa ƙasa ta riƙa zubewa.

Mene ne siminti?

Ana yin siminti da wani irin farin dutse da yumɓu. Ana niƙa su, a ƙona su cikin wuta mai zafin digiri kamar 1450, a sake niƙawa su zama gari. A Nijar akwai masana'antar siminti a Malbaza, cikin jihar Tawa. Babban buhun siminti kilo 50 ne. Idan garin ya haɗu da ruwa, sai ya fara daskarewa ya zama kamar dutse. Yana ƙara ƙarfi kowace rana. Magina suna lissafin kwana 28 kafin su ce ya yi ƙarfinsa. Shi ya sa ake ajiye buhun siminti a busasshen wuri, a kan katako.

Me ya sa ake tsoron kwantaccen ruwa?

Macen sauro tana yin ƙwai a kan ruwan da ba ya gudu. A lokacin zafi, cikin mako ɗaya zuwa biyu ƙwan ya zama sauro mai tashi. Akwai irin sauron da cizonsa yake kawo zazzaɓi. Ƙazamin ruwa kuma yana tara ƙudaje, yana wari, yana iya ɓata ruwan sha. Don haka masana kiwon lafiya suka ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin kwatami da rijiya.

III. MA'ANAR KALMOMI

Rariya: kafar da ruwa yake bi ya fita daga gida ko daga wurin wanka. Abin tankaɗe gari ma sunansa rariya.
Yoyo: fitar ruwa kaɗan-kaɗan ta wata kafa ko tsaga.
Daɓe: ƙasan ɗaki da aka daddale ko aka shafe da siminti.
Kwatami: ramin da ƙazamin ruwan gida yake taruwa a ciki. A wasu wurare ana ce masa gologo.
Mahaɗa: wurin da abu biyu suka haɗu.
Laima: sanyin ruwa da ke jikin ƙasa ko tufa.
Sulalewa: wucewa a hankali ba tare da an lura ba.

IV. TAMBAYOYI

1. Waɗanne alamu uku yaron ya gani a gindin bangon Kaka?
2. Me ya sa Inna ba ta yarda zafin rana zai busar da bango ba?
3. Me ya sa Kawu bai fara fasa daɓe ba?
4. Faɗi yadda aka yi gwaji na farko. Me ya nuna?
5. Me Kawu ya jawo daga cikin tiyo? Wa ya zuba waɗannan abubuwa?
6. Me ya sa aka rufe sabon siminti da jiƙaƙƙen buhu?
7. Mene ne bambancin tubali da siminti wajen yin ƙarfi?
8. Bayyana wannan karin magana: ruwa ba ya tsami banza.

V. LISSAFI

1. Magini ya auna siminti gwangwani 4. Gwangwani nawa na yashi zai zuba?
2. Tsawon wani tiyo mita 5 ne. Da santimita nawa ƙarshensa zai sauka?
3. Mutum 8 ne a wani gida. Kowa yana wanka da lita 10 a rana. Lita nawa take bi ta rariya a rana ɗaya? A mako ɗaya fa?
4. A cikin kowace lita 10, lita 3 tana shiga gindin bango. Lita nawa bangon wannan gida yake sha a rana ɗaya? A kwana 30 fa?

VI. MU GWADA A CIKIN AJI

Ku kawo guntun busasshen tubali da faranti. Ku zuba ruwa kaɗan cikin faranti, ku tsayar da tubalin a ciki. Ku ja layi da alli inda laima ta kai. Ku sake dubawa bayan minti 10, da bayan minti 30. Ina laima ta kai yanzu? Ku danna gindin tubalin da yatsa. Me ya faru? Ku zana abin da kuka gani cikin littattafanku.

VII. MU FAƊA DA FARANSANCI

wurin wanka: la douche
tiyo: le tuyau
yoyo: la fuite
tsaga: la fissure
bango: le mur
siminti: le ciment
yashi: le sable
magini: le maçon
gangare: la pente
kwatami: le puisard
sauro: le moustique

Ku yi jimla ɗaya da Hausa, ɗaya da Faransanci, da kalmomi uku daga cikin waɗannan.

VIII. ABIN RIƘEWA

Idan gindin bango ya jiƙe alhali ba a yi ruwan sama ba, akwai yoyo a kusa. Mu gaya wa manya tun da wuri. A fara gano inda ruwa yake bi, sa'an nan a gyara. Awo ɗaya na siminti yana ɗaukar awo uku na yashi. Tiyo yana son gangare, sabon siminti yana son laima. Kada mu tura gashi, soso, yashi ko leda cikin rariya. Rigakafi ya fi magani.

IX. AIKIN GIDA

Ku duba wurin wankan gidanku tare da wani babba. Ina ruwa yake tafiya? Yana fita da gudu, ko yana tsayawa? Gindin bango a bushe yake? Kwatami yana da marfi? Kada ku zura hannu cikin rami ko tiyo, don kunama tana son wuri mai sanyi. Ku rubuta jimla biyar a kan abin da kuka gani, ku kawo wa malam gobe.